Kurakuran da ke kashe tsohuwar Land Cruiser kafin ta kai Agadas

Duk shekara idan sanyi ya kusa shigowa, sai na ga sababbin masu sha'awar tafiyar daji sun zo da tsohuwar Land Cruiser ko Hilux da suka saya, kuma tambayarsu ta farko ba ta wuce girman tayar da za su saka da irin fitilun da za su jera a kan rufi. Ban taɓa jin wanda ya fara da tambayar lagireto ko takardar inshora ba, alhali waɗannan biyun ne suka fi ci mini kuɗi a duk shekarun da na yi ina bin hanyar Kano zuwa Damagaram da Agadas. Na gaji da maimaita magana ɗaya a bakin gareji, shi ya sa na rubuta ta. Abin da zan faɗa al'adata ce, kuma na san akwai kanikawan da ba za su yarda da rabinsa ba.

Motar da nake nufi ita ce Land Cruiser samfurin 70 da Toyota ta fara fitarwa a 1984, da samfurin 80 da ya biyo baya, musamman masu injin dizal 1HZ mai silinda shida da girman lita 4.2, wanda aka fara ƙerawa a 1990. Inji ne mai haƙuri, ba shi da kwamfuta, kuma ko a ƙauye ana samun wanda ya taɓa buɗe shi. Wannan haƙurin nasa shi ne ke yaudarar mutane, domin yakan daɗe yana jure wulaƙanci ba tare da ya nuna ba, sannan ya mutu lokaci guda a inda babu inuwa.

Kuskuren da ya fi kowanne, kuma wanda har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci, shi ne barin bakanike ya cire tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke daidaita zafin inji. Hujjar da ake bayarwa kowa ya san ta: wai an yi shi ne don ƙasashen sanyi, mu nan ba ma bukatarsa. Na yarda da wannan magana a shekarun farko, na kuma ƙara mata wani ganganci, wato zuba kowane irin ruwa na samu a lagireto, har da ruwan rijiyoyin da ake jin ɗanɗanon kanwa a cikinsu. A cikin bazara, tsakanin Tanut da Adarbisnat a kan hanyar Damagaram zuwa Agadas, motar tana ɗauke da kaya da mutum biyar, na ji wani wari mai kama da na ƙarfe da aka gasa. Allurar zafi tana tsakiya, ba ta motsa ba. Da na tsaya na buɗe bonet, tiyon ƙasa ya tsage, ruwan ya riga ya tsiyaye, gefen injin kuma ya yi fari fat da busasshen gishiri. Kwana biyu muka yi a gindin wata ƙaya kafin a samu motar da ta ja mu, kuma da aka sauke kan injin aka tarar ya tsage tsakanin silinda biyu. Da aka buɗe lagireton, rabin bututunsa sun toshe da wani farin abu mai tauri kamar ƙasan tsohuwar butar shayi.

Ga abin da ban sani ba a lokacin. Tamostat yana riƙe injin a zafin da ya dace da aikinsa, kuma a injuna da yawa shi ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa cikin inji ba tare da ya bi ta lagireto ba. Idan aka cire shi, wani kaso na ruwan zafi yana komawa cikin inji bai huce ba, da safe kuma injin ya daɗe bai yi ɗumi ba, ya riƙa cin mai yana tara baƙin hayaƙi. Ita kuma allurar zafi ruwa take aunawa, saboda haka idan ruwan ya zube gaba ɗaya tana iya zama shiru alhali ƙarfe na ƙonewa. Tun daga wannan tafiya ba na barin kowa ya taɓa mini tamostat sai dai a canza shi da sabo na asali. Ina zuba ruwan lagireto na kanti wanda aka haɗa da ruwa marar gishiri, ina ɗauke da lita goma nasa daban da ruwan sha, kuma duk motar da na saya nakan canza dukkan tiyoyinta da murfin lagireto da fanbel a makon farko, tsofaffin kuma in ɗaure su a bayan kujera a matsayin safaya. Na kuma sa wata 'yar ƙararrawa da ke kuka idan ruwa ya ragu. Wanda ya ce wannan ɓarnar kuɗi ce, ya je ya tambayi farashin kan injin 1HZ a kasuwa, sannan ya ƙara da kuɗin janwe daga daji.

Bel ɗin taimin, wanda ke daidaita motsin bawul da na fistin, shi ma yana cikin wannan sahu. Idan ya tsinke injin na tafiya, fistin da bawul za su yi karo. Ni ina canza shi a kilomita 100,000 ko bayan shekara biyar, kuma ba na yarda da rantsuwar mai sayar da mota cewa bai daɗe da canzawa ba.

Sai batun kwaskwarima, inda samari suka fi zubar da kuɗi. Injin 1HZ ƙarfinsa bai wuce na doki 130 ba, kuma an auna giyoyinsa ne da taya irin 7.50R16. Idan ka ɗora masa ƙatuwar taya mai faɗi saboda ta yi kyau a hoto, ka rage masa ƙarfin ja, ka ƙara wa kuloci da boris da birki wahala, kuma ranar da ta fashe a Tanut ba za ka samu irinta ba, alhali siririyar tayar nan kusan kowane mai faci yana da ita. Ɗaga mota sama fiye da kima yana canza kusurwar sitiyari, ya sa ta riƙa rawa a kan kwalta. Masu liƙa wa wannan inji turbo don ƙara masa ƙarfi kuma su sani cewa ba don shi aka ƙera fistin ɗinsa ba, kuma ƙarin zafin da ke biyo baya a yashi mai laushi ba abin wasa ba ne. Ni kuɗin da zan kashe a nan nakan kai shi ga sifirin masu kyau da shokozoba sababbi, waɗanda babu wanda zai gani ya yaba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne lodin rufi. Jarkar dizal mai lita 20 nauyinta ya kusa kilo 20 idan an haɗa da ƙarfenta, saboda haka mai jera goma a kan kariya, wato ƙarfen ɗora kaya na saman mota, ya ɗora wa rufin kusan kilo 200 ke nan, ban da taya da tanti. Motar da take da tsawo dama, aka kuma ɗaga ta, aka ɗora mata wannan nauyi a ka, jira kawai take ta hau gefen tudun rairayi ta kwanta. Mai da ruwa a ƙasa ake ajiye su, tsakanin aksul na gaba da na baya, a ɗaure su tamau. Rufi na tabarma ne da katifa da buhun gawayi.

Akwai ƙananan kurakurai da ba sa bukatar dogon bayani. Kada a bar mota cikin giyar ƙafa huɗu a kan busasshiyar kwalta idan ba irin wadda aka yi don haka ba ce. A rage iskar taya zuwa fam 15 ko 18 a cikin yashi, a mayar da ita kafin a hau duwatsu ko kwalta, wanda ke nufin dole a riƙe famfo. Kada a bar yaron gareji ya hura filtar iska da injin iska mai ƙarfi har takardar ta huje. A tace duk man da aka saya a jarka a bakin hanya. A leƙa bayan ƙafafun gaba, idan giris ya cakuɗe da man aksul yana ɗiga, a gyara kafin a tashi.

Kuskure na biyu da ya ƙona ni ba a cikin inji yake ba, a cikin aljihun gaban mota yake. Shekaru na yi ina ba wani mai tsayawa a bakin ofishin lasin kuɗi yana kawo mini takardu a dunƙule, har da ta inshora mai tambari da sa hannu. A shingen 'yan sanda tana wucewa lafiya, ni kuwa ban taɓa karanta ta ba. Ran nan a wata kasuwar ƙauye birkina ya yi sanyi saboda nauyi, na daki bayan wata motar ɗaukar kaya, na lalata mata bodi da kayan da ke ciki. Allah ya kiyaye babu wanda ya ji rauni. Da na nemi kamfanin da sunansa ke kan takardar, sai aka ce mini lambar ba ta cikin rajistarsu, ba su ma taɓa jin labarin motata ba. Daga aljihuna na biya, a gaban mai gari da shaidu, kuma kunyar ta fi kuɗin ciwo. Duk mai irin wannan takarda ya sani cewa kuɗinsa ya sayi izinin wuce shinge ne kawai.

A Najeriya yanzu babu uzuri, domin akwai rumbun bayanan inshorar motoci na NIID inda ake saka lambar mota a ga ko inshorar ta gaske ce. Hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta mayar da kuɗin inshorar ɓarnar da ka yi wa wani daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida tun daga Janairun 2023, tare da diyyar dukiya har naira miliyan uku. Wanda ya zo maka da tayin ƙasa da wannan farashi, ka san abin da yake sayarwa. Sannan a fahimci cewa wannan inshora ba ta gyara motarka, wanda ka yi wa ɓarna take biya. Mai son a biya shi idan motarsa ta kife ko ta ƙone sai ya sayi cikakkiyar inshora, kuma a nan ne masu kwaskwarima ke faɗawa rami: sun ƙara tankin mai, sun canza inji, sun yi waldar kariyar rufi, amma ba su gaya wa kamfani ba. Ranar neman diyya, lambar injin da ba ta dace da takarda ba ta isa a juya maka baya. Ni nakan rubuta duk abin da na canza, in haɗa da hotuna da rasit, in kai musu, in kuma nemi su amsa mini a rubuce ko inshorar ta shafi tafiya a hanyar da ba kwalta ba da kuma wajen ƙasa.

Game da ƙetare iyaka, katin inshora mai ruwan ƙasa na ECOWAS, wanda aka kafa tsarinsa a 1982, shi ma ɓarnar da ka yi wa wasu kawai yake ɗauka. Tun da Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, na daina dogara da abin da na sani a da. Kafin kowace tafiya nakan tambayi ofishin inshora, idan kuma amsar ba ta gamsar da ni ba, sai in sayi ta ɗan gajeren lokaci a ƙasar da na shiga. Takardun na asali suna cikin leda a jikina, kwafinsu yana cikin mota, wani kwafin kuma yana gida a hannun ƙanina tare da sunayen garuruwan da zan kwana da ranar da ya kamata ya ji muryata.