Yadda za ka auna sukarin jininka a gida

In za ka sayi tsinken gwaji (ɗan siririn abin da ake sa wa ɗigon jini) a kemis, tafi da na'urarka ta auna sukari. Kowace da irin nata: na Accu-Chek ba ya aiki a On Call Plus. Duba ranar lalacewarsa kafin ka biya.

1. Wanke hannu da sabulu, ka busar sosai. Ragowar dabino ko mangwaro a yatsa kan ɗaga lambar da na'urar za ta nuna.
2. Saka tsinken a na'urar, ka soki gefen yatsa da sabuwar allura, can zafin bai kai na tsakiya ba.
3. Taɓa bakin tsinken da ɗigon jinin.
4. Rubuta lambar da lokacin, don likita.

In lambar ta gaza 70 mg/dL, sha abu mai zaƙi nan take. Rufe kwalbar tsinken gam, kada ka bar ta a rana.