Yadda za ku gane tsoho na dab da faɗuwa, da abin yi tun kafin a kai ga karaya

Sikeli yana yaudarar mutane game da jikin tsoho. Baba zai iya shekara goma nauyinsa bai canza ba, alhali tsokar cinyarsa ta zube, kitse ya maye gurbinta a ciki. Tsokar ce ke tare mutum idan ya yi tuntuɓe, kuma bayan shekara 60 zubewarta na ƙara sauri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe kimanin mutum 684,000 a shekara, waɗanda suka haura 60 ne suka fi mutuwa.

Ku gwada a tsakar gida. A sami kujera mai ƙarfi, a auna mita 3 daga gabanta, a ja layi da gawayi. Tsohon ya zauna a kujerar, sai ya miƙe, ya taka zuwa layin da tafiyarsa ta kullum, ya juyo ya zauna, wani na biye da shi. Idan ya ci daƙiƙa 12 ko fiye, akwai haɗari. Sannan a zagaya tef ɗin tela a inda sha-raɓarsa ta fi kauri: ƙasa da santimita 31 alama ce tsoka ta ragu. Idan ƙafar ta kumbura, awon ba zai faɗi gaskiya ba.

Gyaran ma da kujerar ake yi. A jingina ta da bango, ya miƙe ya zauna sau 10, a hankali, kada ya saki jiki ya faɗa. Sai ya riƙe bayanta ya ɗaga diddige sau 10, ya tsaya da ƙafa ɗaya na daƙiƙa 10, ya sauya. Kwana uku a mako aƙalla. "Inna, ki zauna, bari a kawo miki" tausayi ne, amma yawan zaman shi ke cinye ƙafar.

Tuwo da koko kaɗai ba sa gina tsoka. Mai nauyin kilo 60 na buƙatar furotin, wato sinadarin gina jiki, giram 60 zuwa 72 a rana. Ƙwai ɗaya na ba da kamar giram 6. A raba furotin ɗin cikin yini: ƙosai da safe, fura da nono da rana, wake, awara ko kifi da dare. Mai ciwon ƙoda ya fara tambayar likita.

A nan Katsina, lokacin da ya fi ban tsoro shi ne fita sallar asuba: duhu, dokin ƙofa, gefen tabarma da ya naɗe, simintin da ruwan alwala ya jiƙa, ga silifas da ƙasansa ya cinye. A ajiye tocila kusa da matashi, a kafa ƙarfen riƙewa a makewayi. Mai shan maganin hawan jini ya zauna a bakin gado minti ɗaya kafin ya miƙe, don jininsa kan sauka farat ɗaya, jiri ya ɗebe shi.

Wanda ya faɗi sau biyu cikin shekara, ko sau ɗaya ya ji rauni, a kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko babban asibiti mafi kusa, tare da duk magungunan da yake sha, a duba yanar ido, suga da jijiyoyin tafin ƙafa.