Kurakuran da muke yi a riƙon yaran da suka ga tashin hankali

Tun da rikicin Boko Haram ya ɓarke a 2009, barin ma a 2014 da aka ci garuruwa irin su Gwoza da Bama, gidaje da yawa a nan Gombe da Bauchi suka karɓi yara riƙo, wasu na dangi wasu kuma ba a ma san inda iyayensu suke ba. Allah ya saka wa masu riƙo da alheri, amma wallahi akwai abubuwan da muke yi da sunan tarbiyya kuma ciwo muke ƙara wa yaron.

Wanda yafi damuna shine duka akan fitsarin kwance. Yaro ɗan shekara 9 ya jiƙa shimfiɗa, da safe a zane shi, a shanya tabarmar a tsakar gida kowa na gani, sauran yara na binshi da amalala, toh ta yaya zai daina? Tsoro ne ke saka shi, ba ganganci ba, kuma duka tsoron yake ƙarawa. Hajiya ki sa leda ƙarƙashin shimfiɗar, ki rage mishi ruwa bayan isha'i, ki tashe shi ya zaga kafin ki kwanta, in ya yi kuma ku wanke da asuba ba wanda ya sani. In yana kukan zafi wajen fitsari, wannan na asibiti ne.

Sai ɓoye abinci. Ki ɗaga filo ki tarar da ƙanzo ko ƙosan jiya a ƙulle cikin leda, nan take a ce ɓarawo ne. Yaron da ya kwana da yunwa a daji yana gudu bai yarda gobe akwai abinci ba, ko da tukunya cike take a gabanshi. Ki ware mishi kwanonshi, ki ce wannan naka ne ko cikin dare kaji yunwa ka ɗauka, ki kuma tsare lokacin abinci kullum. A hankali zai bari.

Haka in taya ta fashe ko salansar mashin ta yi ƙara ya ruga ƙarƙashin gado yana rawar jiki, ko ya farka da ihu, sai a ce aljanu. Addu'a kam a yi, amma kar a tsaya nan, asibitin koyarwa na ATBU a Bauchi da na tarayya a Gombe duk ana duba lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma kai yaro can ba yana nufin ya haukace ba.

Dan Allah kuma a daina kiran yaro gaban baƙi ana cewa zo ka gaya wa Anti yadda aka kashe babanka. Ran da ya so magana da kanshi ki ajiye aikin hannunki ki saurara, ran da bai so ba ki ƙyale shi.

Wasu kuma tsabar so sai su ɓoye mishi asalinshi su liƙa mishi sunan maigida. Suratul Ahzab aya ta 5 ta ce a kira su da sunan ubanninsu, kuma gara ya ji gaskiya daga bakinki da taushi tun yana ƙarami da ya ji ta a bakin maƙwabciya ranar faɗa. Ɗan riƙo ba ya cin gado, dan haka Alhaji in kana son ya tsira da wani abu ka ba shi kyauta tun kana raye, ko ka yi wasiyya cikin sulusin dukiyarka.

Na ƙarshe, gori da bambanci. Taki tana makaranta, ta riƙo tana bakin tasha da farantin gyaɗa, in ta yi laifi a ce ba dan mu ba da yanzu kina ina. A raba aikin gida daidai, a rubuta sunanta a makaranta ɗaya da taki, kayan sallah ma a yanko atamfa ɗaya a kai wa tela ɗaya.