Yadda ake gwada kauri da yauƙi a madafa don yara su gane gudun jini

Duk wadda ta taɓa dama koko ta san gasarar da ta kwana a bokiti. In ka soka mata ludayi da ƙarfi sai ta ƙi, kamar ƙasar rani, amma ka ɗebo ɗan gutsure ka ajiye a tafin hannu sai ta narke ta zube. Wannan abin da iyayenmu mata ke gani kullum darasi ne da masana ke nazari a jami'a, kuma da shi ake fahimtar yadda jini ke bin jijiya. Ga yadda za ka nuna wa yara a gida ko a aji.

Ka tanadi faranti mai faɗi, ruwa, man gyaɗa, zuma, kuɓewa ɗanya, bututun shan lemo siriri da mai faɗi, da sitaci. Kwanfulawa ko garin kastad duk suna yi, a Kaduna ana samunsu a Kasuwar Barci ko Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Garin masara na tuwo ba ya yi, kada ka ɓata shi.

Fara da tsere. Ɗiga ruwa, mai da zuma cokali ɗai-ɗai a gefen farantin, ka karkata shi, yara su ƙirga. Ruwa zai riga kowa, zuma kuwa sai an yi haƙuri, don kaurinta ya ninka na ruwa sau dubbai. Sai ka saka kwalbar zumar cikin ruwan ɗumi na minti biyar, a sake tseren. Za ta yi sauri. Zafi na rage kauri, sanyi na ƙara shi, shi ya sa manja ke daskarewa a kwalba idan hunturu ya kankama a Kaduna. Ruwa, mai da zuma ba ruwansu da yadda ka juya su, kaurinsu na nan yadda yake muddin zafin bai canza ba. Irinsu ne masanin kimiyya Niyuton ya yi bayani a 1687, har ake kiransu da sunansa.

Mataki na biyu shi ne inda yara ke ihu. Zuba sitaci kofi biyu a kwano, ka riƙa ƙara ruwa kaɗan-kaɗan har kusan kofi ɗaya, kana gaurayawa da yatsu a hankali. Ruwan sanyi fa, ba na zafi ba. In ka zuba tafasasshe ƙwayoyin sitacin za su kumbura su fashe, ka dama kunu ke nan. Alamar haɗin ya yi ita ce ka ja yatsa da sauri ya tsage kamar busasshen laka, sannan tsagar ta rufe da kanta. In ya yi ruwa, ƙara gari.

Yanzu a ce yaro ya nausa da ƙarfi. Hannunsa ba zai nutse ba. Ya sake sa hannun a hankali, sai ya shige har wuyan hannu. Ya mulmula dunƙule, muddin yana murzawa yana nan dunƙule, yana tsayawa ya tsiyaye ta tsakanin yatsu. Abin da ke faruwa shi ne ƙwayoyin sitacin ba su narke ba, yawo suke cikin ruwan. In an taɓa su a hankali ruwa na ratsa tsakaninsu suna zamewa. In an buge su farat ɗaya sai su cushe su riƙe juna, kamar ababen hawa a gadar Kawo ranar kasuwa kafin a gyara ta. Ni dai ina ganin wannan gwajin ya fi shafi goma na littafi.

Na uku, goga kuɓewa a ɗan ruwa, a bar ta minti goma, a ɗaga cokali. Za ta yi zare, in zaren ya tsinke ya koma da baya kamar roba. Yauƙi ke nan: dogayen zarurruka ne da ido ba ya gani, sarƙe da juna. Majina da yawu da ruwan gaɓoɓi duk danginsa ne.

Na ƙarshe, a ba yaro bututun biyu ya zuƙi kunu da kowanne. Siririn zai wahalar da shi fiye da yadda ake zato. Wani likitan Faransa, Poiseuille, ya auna wannan wajajen 1840 yana neman sanin tafiyar jini: in faɗin bututu ya ragu da rabi, abin da ke wucewa yana raguwa sau 16.

Daga nan sai ka kawo zancen jini. Kaurinsa ya kai na ruwa sau uku zuwa huɗu, kuma kishiyar sitaci ne: idan yana gudu kaurin raguwa yake, domin jajayen ƙwayoyinsa masu laushi ne, suna lanƙwashewa su bi ta jijiyar da ta fi su ƙanƙanta. A jikin mai sikila ƙwayoyin kan ƙage su zama kamar lauje, su maƙale. Sanyi na tsuke jijiya, ƙishirwa na ƙara wa jini kauri. Yaron da ya sha wahalar siririn bututu zai gane dalilin da ya sa ake matsa wa ƙaninsa mai sikila da shan ruwa da sa rigar sanyi a watan Disamba da Janairu.

In an gama, kada a zuba sitacin a magudanar wanke-wanke, zai kwanta ya toshe ta. A bar shi ya bushe a kwanon, a kankare a zubar a shara.