Yadda za ki sake zana jarrabawar lasisin jinya da jariri a hannu

Mai jegon da ke shirin sake zana jarrabawar lasisin aikin jinya kusan kullum da tsari ɗaya take zuwa mini: "Idan ya yi barci zan yi karatu." A baki maganar tana da daɗi, domin sabon jariri yana yin barcin awa 14 zuwa 17 a kwana ɗaya. Sai dai barcin a yayyanke yake zuwa, kuma yaron yana neman nono sau 8 zuwa 12 tsakanin dare da rana. Ɗan lokacin da ya rage ma da masu shi: barcinki, wanka, wankin kayan da ya yi wa tumbuɗi. Wadda ta ɗora shirinta kan barcin jariri, mako biyu kawai za ta yi ta ga jadawalin ya watse, daga nan ta fara zargin kanta cewa ƙwaƙwalwarta ce ta toshe. Ba zan tsaya kan yadda ake cike fom ba, kin taɓa yi. Ga abin da nake sa masu maimaitawa su bi.

Ki fara da takardar faɗuwar

Da yawa sukan jefa ta a durowa don ba sa son ganinta. Ki ɗauko ta. Wasu hukumomin lasisi suna faɗa wa wanda ya faɗi inda ya gaza. A jarrabawar NCLEX ta Amurka, misali, ana aiko da rahoto mai nuna kowane fanni, ko kin yi ƙasa da ma'aunin cin jarrabawa, ko kin kusa, ko kin haura. Idan hukumarku ba ta ba da irin wannan, ki zauna da biro ki rubuta duk abin da kika tuna ya daure miki kai a wancan zama, tun bai gushe ba.

Ki zaɓi fanni biyu mafi rauni, iyaka uku. Su ne aikinki. Sake bin babban littafin nan daga bango zuwa bango haramun ne a wurina ga mai jego. Ba ki da wannan lokacin, kuma babin da kika iya shi ne zai ja ki, don yana da daɗin karantawa.

Ki tsayar da rana da hankali, kafin ki biya kuɗi

Kowace hukuma tana da ƙa'idarta kan tazarar da ake bari tsakanin zama da zama, da yawan lokutan da aka yarda mutum ya maimaita. Ki nemi taku a rubuce daga hukumar kanta, kada ki dogara da abin da 'yan ajinku suka ce. A NCLEX sai an jira aƙalla kwana 45. Mutane suna ɗaukar wannan adadi kamar umarni ne a koma ranar ta 46. Ki duba lissafin: wadda ta faɗi tana tsohon ciki, kwana 45 ɗinta zai cika ne a daidai makonnin da jikinta bai gama komawa ba, kuma kukan jarirai yakan kai ƙololuwarsa a wajen mako na shida kafin ya soma lafawa a wata na uku zuwa na huɗu. A wajen wata biyu zuwa uku ne kuma yaro yake fara bambanta dare da rana, ki fara samun barci mai ɗan tsawo.

Ni a ra'ayina, kada ki zauna jarrabawar kafin yaro ya yi wata uku, sai idan aikinki ko wa'adin hukuma ne ya tilasta. Idan tiyata aka yi miki, ki ƙara. Kada kuma ki ja abin ya wuce kima har karatun makaranta ya huce. Wani tarko: a NCLEX takardar izinin zama jarrabawa tana da wa'adi, galibi kimanin kwana 90, kuma ba a tsawaita shi. Idan ya ƙare, sai sabuwar rajista da sabon biya. Saboda haka ki fara sanin watan da za ki iya, sannan ki yi rajista. Na ga masu biya da wuri wai don su tsorata kansu su yi karatu. Kuɗin ne kawai ya tafi.

Ki raba lokacinki gida biyu

Nan ne abin yake lalacewa, don haka a nan zan daɗe.

Mai jego tana da lokaci iri biyu. Akwai na hannu ɗaya: kina shayarwa, kina jijjiga shi, kina jiran ya yi gyatsa. Akwai kuma lokacin da wani ne yake riƙe da yaron, ke kuma kina wani ɗaki an rufo ƙofa. Kuskuren da na fi gani shi ne a ɗauki aikin lokaci na biyu a cusa a na farko. Za ki ga mace da jariri a ƙirji, waya a hannun hagu, tana fama da tambayar da ta jero marasa lafiya huɗu ana son a faɗi wanda za a fara dubawa. Ta karanta layi biyu, yaro ya saki nono, ta gyara shi, ta dawo ta manta da majiyyaci na farko, ta danna abin da ya zo mata. Da dare ta ce ta yi tambaya hamsin. Ba ta yi ko ɗaya ba.

Lokacin hannu ɗaya na hadda ne, ƙananan abubuwa masu amsa ɗaya. Potassium a jini daga 3.5 zuwa 5.0. Sodium daga 135 zuwa 145. Makarin heparin shi ne protamine sulfate, na warfarin bitamin K, na magnesium sulfate kuwa calcium gluconate. Ki rubuta tambaya a gefe ɗaya na kati, amsa a bayansa, ko ki naɗi muryarki a waya kina tambaya, ki yi shiru na ɗan lokaci, sannan ki faɗi amsar. Wannan shirun shi ne aikin. Dole ki ciro amsar daga kanki kafin ki ji ta. Binciken da Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka wallafa a 2006 ya nuna cewa ɗaliban da aka yi ta gwadawa sun fi masu maimaita karantawa tuna abin bayan mako guda, duk da cewa masu maimaitawar sun fi jin cewa sun iya. Wannan jin na "ai na san wannan" da ke zuwa idan ido ya faɗa kan shafin da ya saba gani, shi ne ya kai mutane da yawa faɗuwar farko.

Lokacin rufe ƙofa kuwa na tambayoyin jarrabawa ne na gaske da lissafin magani. Awa ɗaya da rabi a rana, kwana biyar a mako, ya isa idan har babu mai katse ki. Amma sai kin nema da baki, kin faɗi lokaci. "Ka riƙa taimaka mini" ba magana ba ce, babu wanda zai san ranar da ya saɓa. Ki ce wa maigidan, ko mahaifiyarki, ko ƙanwarki: "Daga ƙarfe 9 zuwa 10 da rabi na safe yaron nan naka ne. In ba zazzaɓi ko wani abin tsoro ba, kada a ƙwanƙwasa mini." Ki shayar da shi ya ƙoshi dab da lokacin. Idan kukansa yana iso ki, ki toshe kunne ko a fita da shi, domin uwa ba ta iya lissafin ɗigon ƙarin ruwa tana jin ɗanta yana kuka, ko da ta san yana hannu nagari.

Na fi son safiya. Masu cewa sai dare ya tsala suke gane karatu, wannan kafin haihuwa ne. Abin da aka karanta ƙarfe uku na dare da ido a lumshe ba ya zama, don a cikin barci ne ƙwaƙwalwa take ajiye abin da ta koya, ke kuma barcin ne kika sayar. Akwai ma haɗari a ciki da ke nas kin sani: gyangyaɗi a kan kujerar falo da jariri a jiki yana cikin yanayin da ya fi jawo toshewar numfashi ga jarirai. Shayarwar dare ta shayarwa ce. Ya gama, ki kwantar da shi rigingine a shimfiɗarsa, ki kwanta.

Za a sami ranar da komai zai rushe, an yi rigakafi ko ya kwana yana kuka. Kada ki ninka aikin washegari don ramuwa. Kwana biyun da kika bari a mako, amfaninsu ke nan.

Littafin kurakurai

A zaman rufe ƙofa, tambaya 25 zuwa 30 sun wadatar, rabin lokacin na amsawa, rabi na bin bayani. Ki karanta bayanin har na waɗanda kika ci, don wasu sa'a ce. Duk wadda kika faɗi, ki rubuta layi ɗaya a ƙaramin littafi, da dalili. Dalilan ba su da yawa: ban sani ba, na sani amma na yi garaje ban ga "banda" ko "da farko" ba, na rage amsa biyu na ɗauki wadda ba ita ba, barci nake ji.

Bayan mako biyu littafin zai faɗa miki gaskiya. Idan "ban sani ba" ta fi yawa, ki koma wannan babin kaɗai. Idan ta uku ce, matsalar fifiko ce, kuma ta fi kama waɗanda suka daɗe a ɗakin marasa lafiya. Sun saba da asibitin da ma'aikata ba sa isa, sai su amsa da abin da ake yi a aikace, su ce a kira likita. Jarrabawa tana ɗauka kina da lokaci da kayan aiki, tana so ki fara da hanyar numfashi, numfashin kansa, sannan zagayawar jini, kuma ki duba majiyyaci kafin ki ɗauki mataki. Idan kuwa "barci" ce ta cika shafin, ƙarin tambayoyi ba za su yi miki magani ba. Ki sauya lokacin zama, ko ki ɗaga ranar.

Lissafi kuma kullum, ko biyu ne, da biro. An rubuta 250 mg, kwalba tana ɗauke da 125 mg a kowane 5 ml: 10 ml ke nan. Ruwa 1000 ml cikin awa 8: 125 ml a awa. Makin banza ne, kuma shi gajiya take fara cinyewa.

Batun manhajar tambayoyi, guda ɗaya ta isa. Sayen uku asara ce, ba za ki gama ko ɗayar ba. Ki tabbata dai ta dace da tsarin yanzu. NCLEX ta sauya fasali a Afrilun 2023, an shigo da tambayoyin da ke bin labarin majiyyaci ɗaya mataki-mataki, saboda haka tsohon littafin da wata ta ba ki aro ba zai nuna miki su ba.

Gwajin dogon zama, da na nono

Wadda ta yi wata biyu tana karatun minti goma-goma za ta sha mamaki idan aka zaunar da ita awanni. NCLEX tana iya kaiwa awa 5, tambaya daga 85 zuwa 150. Saura mako uku, ki yi cikakken gwaji, ki maimaita bayan mako guda, a daidai lokacin da za a yi ta gaske, kuma a wajen gida in da hali.

Gwajin nan na mutum uku ne: ke, yaron, da mai reno. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da bai taɓa karɓar tatsattsen nono a fida ko ƙaramin kofi ba, yana iya ƙin karɓa ranar jarrabawa, saboda haka a fara koya masa tun da makonni, bayan ya iya kama nono sosai, kuma wani ne zai ba shi, ba ke ba. Ƙa'idar ajiyar tatsattsen nono ta CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka: awa 4 a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba, kwana 4 a firij, wata 6 a firiza ya fi kyau. Wanda aka narkar a firij a sha cikin awa 24, ba a mayar da shi firiza.

Ke kuma nono zai cika ya yi tauri. Idan kina buƙatar hutun tatsa ko wuri keɓantacce, ki rubuta wa hukumar lasisin tun kafin ki kama rana, domin ma'aikatan cibiya ba su da ikon ba ki ranar da safe. A NCLEX agogo yana ci gaba da tafiya a lokacin hutun da aka saba bayarwa.

Abu ɗaya ya fi ranar jarrabawa, wato lafiyarki. Alamun haɗari su ne: ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, zubar jini mai yawa, zazzaɓi, ko baƙin cikin da ya wuce mako biyu bai tafi ba. Ku nas-nas kun fi kowa raina waɗannan a jikinku. Asibiti za ki, a ɗaga jarrabawar. Haka idan jaririn da bai kai wata uku ba ya yi zafin digiri 38.

Makon ƙarshe da ranar

Babu sabon babi. Littafin kurakurai da katunanki kawai. Dare biyun ƙarshe wani ya karɓi shayarwa ɗaya da tatsattsen nono ki sami barcin awa biyar a jere. Katin shaida ya zama sunan da ke kai daidai yake da na rajista, musamman idan kin sauya suna bayan aure. Ki tatsa ko ki shayar dab da fita, ki sa audugar tare nono a rigar ciki, ki tafi da na'urar tatsa da jakar ƙanƙara. Ki rubuta wa mai reno lokutan shayarwa da lambar wanda za a kira idan wani abu ya taso, don a NCLEX ba a barin ki taɓa waya ko a lokacin hutu. A ciki, tambayar da kika wuce ta wuce, ba a komawa baya. Kwamfutar tana iya tsayawa a ta 85 ko ta kai ki 150, kuma ana ci ana faɗuwa a duka biyun, saboda haka ki daina ƙirga lamba ki karanta wadda ke gabanki.