Kurakuran da ke kwantar da saba, da yadda ake gyara su

Wani ƙaramin ofishi a Wuse ya kira ni ranar Litinin da sassafe, wai sabarsu, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanansu, ta ƙi tashi. An ɗauke wuta a ƙarshen mako, batirin UPS, na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke, ya daɗe da mutuwa ba wanda ya lura, kafin janareta ya kama, rumbun bayanai ya riga ya lalace. Na ce wa yaron da ke kula da ita, "Ƙanina, ina kwafin ko-ta-kwana?" Ya ce, "Yallaɓai, kullum ƙarfe biyun dare yake fita da kansa." Muka buɗe. Ga fayiloli nan reras, kowanne da kwanan watansa, amma duk fanko ne. Ashe tun ranar da aka canza kalmar sirrin rumbun, pg_dump, manhajar da ke ɗaukar kwafin, ke faɗuwa, cron mai tayar da ita kowane dare kuma ya yi gum.

Ban ga laifinsa sosai ba, don manya ma sun faɗa wannan ramin. Ranar 31 ga Janairu 2017 wani injiniyan GitLab, kamfanin da ke adana wa masu rubuta manhaja ayyukansu, ya goge kusan gigabait 300 daga babban rumbunsu bisa kuskure. Da aka waiwayi kwafin pg_dump sai aka tarar ba ya aiki, aka yi asarar bayanan kimanin awa shida. Maganin ba shi da wuya, ƙiwa ce kawai ke hana mu: duk wata ka ɗauki kwafin ka zuba shi a wata na'ura, ka ga ya tashi da idonka. Ka sa saƙo ya shigo wayarka in aikin ya faɗi. Kuma kwafi ɗaya ya kwana a wajen ginin, domin gobara ko ɓarawo ba sa tambayar wanne ne na asali.

Kuskure na biyu ya fi ban tsoro, don ba ya nuna alama. Mutum ya kunna ufw, katangar tsaron da ke tare masu shigowa sabar, ya rufe ko'ina, hankalinsa ya kwanta. Sai ya tayar da rumbun bayanai na PostgreSQL a cikin kwantenar Docker, wato keɓaɓɓen wurin gudanar da manhaja, ya buɗe mata ƙofa da -p 5432:5432. Docker kuwa kai tsaye yake rubuta dokokinsa a iptables, ainihin jadawalin dokokin katangar, ya bi ta bayan ufw, ƙofar ta zama a wangale ga duk duniya. Rubuta 127.0.0.1:5432:5432, don ƙofar ta buɗe ga sabar kaɗai, sannan ka gwada da nmap, manhajar gano buɗaɗɗun ƙofofi, daga waje, ko da datar wayarka ce.

Tunda muna kan Docker: bayanan da kwantena ke rubutawa kan aikinta (log) ba su da iyaka sai ka sa musu, haka za su yi ta taruwa har faifai ya cika. Saka max-size a /etc/docker/daemon.json. Shi kuma umarnin sauke kwantenoni, docker compose down -v, wannan ƙaramin v ɗin har ma'ajiyar bayanai yake sharewa.

Sauran sanannu ne. chmod 777, wato ba kowa cikakken iko a kan fayil, ba gyara ba ne, cire ƙyauren ɗaki ne don makulli ya ɓace. Shiga saba daga nesa ta SSH da sunan root, asusun mai cikakken iko, da kalmar sirri, a bari, a koma mabuɗi. Takardar tsaron shafin intanet ta Let's Encrypt kuma a tabbata tana sabunta kanta kafin wa'adinta ya cika.

In za ka taɓa katangar tsaro ko sshd_config, fayil ɗin saitin SSH, daga nesa, bar tagar da ka fara shiga da ita a buɗe, ka gwada shiga ta sabuwa tukuna. Ni na taɓa kulle kaina a waje ina gida a Kubwa, sai da na bi cunkoson safiya har cikin gari don in gyara layi ɗaya.