Babi na 7: In Gobara Ta Tashi Cikin Dare, Ta Ina Za Mu Fita?

Darasi na 1: Makulli

'Yan uwa ku ajiye biro tukuna, karatun yau da hannu da ƙafa za a yi shi. Lokacin hunturu gobara ta fi yawa, ga iska busasshiya, ga murhun gawayi da ake shiga da shi ɗaki saboda sanyi, ga dutsen guga da aka manta a jone NEPA ta kawo wuta tsakar dare, ga jarkar fetur ɗin janareta a bayan ƙofa. Kuma gidajenmu yanzu kowace taga an yi mata ƙarfe saboda ɓarayi, get da kwaɗo, to in wuta ta kama hanyar fita ɗaya ce, ita ma a kulle.

Ka samo ƙusa ka kafa a bango daga ciki, kusa da ƙofa, daidai inda ɗan shekara 7 zai miƙa hannu ya kai. Nan ne mazaunin makulli. Ba aljihun maigida ba, ba ƙarƙashin filo ba, ba jakar uwargida ba. A ƙusa.

Za ku ce ai wannan mai sauƙi ne, to a nan aka fi faɗuwa. Maigida ya dawo daga majalisa ya kulle get ya zura makulli a aljihun kaftani ya rataye rigar, da asuba ma sai an yi ta lalube kafin a fita masallaci balle cikin hayaƙi yara na ihu. Ka kulle, ka rataye a ƙusa. Ki kulle, ki rataye a ƙusa. Kada ka ji kunya in ka manta daren farko, kowa na mantawa, tashi kawai ka mayar.

Yanzu gwaji. A kashe fitila, kowa ya kwanta a shimfiɗarsa, sai mutum ɗaya ya ce gobara! Kowa ya taso ya lalubo ƙusar ya buɗe kwaɗon da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, har yara da amarya. In kwaɗon na cijewa a ɗiga masa mai ko a canja shi. A maimaita duk wata.

Amma gaskiya wasunku na ba ni mamaki, a ce maka kafa ƙusa ɗaya tak, sai ka ce Allah dai ya kiyaye. Amin, amma ai Allah ya ce tashi in taimake ka, kuma 'ya'yan da ke barci a ɗakin nan amana ce a wuyanka. Ina makulli? A ƙusa.

Darasi na 2: Hayaƙi

Hayaƙi ya fi harshen wuta kashe mutane, kuma sama yake tashi, don haka a duƙa a yi rarrafe, iskar ƙasa ta fi tsabta. Kafin ka buɗe ƙofa taɓa ta da bayan hannu, in da zafi kar ka buɗe, nemi wata hanya ko ka toshe ƙasan ƙofar da jiƙaƙƙen zani ka yi ta ihu ta taga. Iyayena mata, ba lokacin neman mayafi ba ne, zanin jikinki ya isa. Tun yau a san wa zai ɗauki jariri, wa zai riƙo hannun kaka.

Darasi na 3: Wurin haɗuwa

Ku zaɓi wuri ɗaya a waje, ƙofar masallaci ko gindin dalbejiya. A ƙirga kowa da sunansa. Wanda ya fito ba ya komawa, ko don takardun fili ne. Daga nan ake kiran 'yan kwana-kwana, 112 a Najeriya, 18 a Nijar, a faɗi unguwa da layi.

Darasi na 4

In wuta ta kama tufafinka kar ka gudu. Tsaya, kwanta, yi birgima.

Darasi na 5

Wutar fetur, ta man girki da ta lantarki ba a watsa musu ruwa. A ajiye bokitin yashi kusa da kicin.